Jirgin Ruwa Ba Ya Jiran Kowa: Magana ga Masu Niyyar Ziyarar Ƙasa Mai Tsarki

(Jawabin da kwamitin ziyara ya gabatar wa dattawa da membobin ikkilisiyoyinmu na Tudun Wada, Kaduna, bayan sujadar yamma.)

  An roƙe mu mu yi magana ne domin mutane da dama a cikinmu sun fara tambaya a kan zuwa Urushalima, waɗansu kuma sun ga takardun talla masu hoton babban jirgin ruwa fari fat, an rubuta cewa za a bi sawun Manzo Bulus ta teku. Mu da muke tsaye a gabanku ba mu fi kowa sani ba. Allah ya ba mu dama ne muka je Isra'ila a ƙarshen shekarar 2019, biyu daga cikinmu kuma suka shiga irin wancan jirgin a Girka a 2022. Abin da idonmu ya gani, da abin da muka yi da-na-sanin rashin saninsa tun a gida, shi za mu faɗa muku.

Bari mu fara da kuɗi, gama a nan ne yawancin kuka yake farawa. A shekarar 2015 gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar cewa ta daina biya wa mutane kujerar ibada, ko ta Makka ko ta Urushalima. Ko da wata gwamnati ta sake buɗe wannan ƙofa, kujerun ba za su taɓa isar kowa ba, saboda haka mai niyya ya sa a ransa cewa aljihunsa ne zai kai shi. Kuɗin jirgi da na masauki da dala ake lissafa su. Dalar da gwamnati take sayarwa ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Duk wanda ya ji kuɗin da wani ya biya shekaru biyar da suka wuce ya ɗauka haka abin yake har yanzu, zai sha mamaki. Ra'ayinmu a fili yake: kada kowa ya sayar da gonar gado, ko ya taɓa kuɗin makarantar yara, ko ya ci bashi mai ruwa domin wannan tafiya. Babu inda aka umarci mai bi ya je Urushalima kafin ya sami ceto. Tafiya ce mai albarka ga wanda Allah ya hore wa, wanda bai samu ba kuwa bai ragu da kome ba a gaban Ubangiji.

Hanyar da muka fi amincewa da ita ita ce ta hukuma. Akwai hukumar ƙasa mai kula da ziyarar ibada ta Kirista, wadda aka fi sani da NCPC, da dokar shekarar 2007 ta kafa, akwai kuma ofishin jiha a nan Kaduna. Akwai kamfanoni masu zaman kansu na kirki, amma akwai mazambata. Wata uwarmu gwauruwa a nan unguwa ta tara kuɗin adashe na shekara biyu ta miƙa wa wani mutum mai zaƙin baki, wanda ya zo mata da katin aiki da hotunansa a Dutsen Zaitun. Har yau ba ta ga fasfonta ba, balle kuɗin. Idan mutum ya ce ku tura kuɗi cikin asusunsa na kansa, ku tsaya nan. Ku zo da takardun, dattawa su duba, a je ofishin hukuma a tambaya ko an san kamfanin. Ku kuma tambayi wace hanya ce a buɗe a lokacin da za ku tafi. Tun yaƙin da ya ɓarke a watan Oktoba na 2023 tsarin tafiya yana canzawa, wani lokaci a ɗaga, wani lokaci a karkata zuwa Jodan, inda Dutsen Nebo yake, da wurin da ake ɗauka nan ne Yohanna ya yi baftisma a hayin Kogin Urdun.

Game da takardu ba za mu daɗe ba. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. A yi allurar shawara a karɓi katin nan mai ruwan ɗorawa. Masu hawan jini da ciwon sukari su ɗauki maganin da zai ishe su har su dawo, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, su sa shi a jakar hannu. Jakarmu ɗaya ta yi kwana uku kafin ta iske mu, maganin wani babanmu kuwa yana ciki, ba mu ji daɗin kwanakin nan ba. Ruwa ko mai da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu. Ƙasashen Turai ba sa yarda matafiyi ya shigo da nama ko madara daga waje, don haka kilishi da dambun nama da man shanu a bar wa yara a gida. Abu guda kuma da muke roƙonku da babbar murya: kada ku karɓi saƙon kowa ku kai wa wani, ko da ɗan ikkilisiya ne ya ba ku, sai kun buɗe kun gani da idonku. Jami'an tsaron Isra'ila suna yawan tambaya, wa ya ɗaure maka kaya, wa ka sani a ƙasar, me ya kawo ka. Ku amsa gaskiya a taƙaice, ba wurin wasa ba ne. A filin jirgin Ben Gurion ba su buga mana hatimi a fasfo ba, wata 'yar takarda shuɗiya suka ba mu. Ku adana ta kamar fasfon kansa.

Iyayenmu mata, sanyin Urushalima a watan Disamba ba irin hunturunmu ba ne. Birnin yana kan tudu, kusan mita 800 sama da teku, sanyin kuma da ruwan sama yake zuwa. Ku leƙa wajen 'yan gwanjon Kasuwar Barci ku sayi rigar sanyi mai kauri da safa da takalmi mai taushi. Ashoben tafiya yana da kyau a hoto, amma ba ya tare iska.

To, mun isa. Abu na fari da zai ba ku mamaki shi ne ƙanƙantar ƙasar. Isra'ila duka ba ta kai rabin Jihar Kaduna ba. Daga Urushalima zuwa Baitalami kimanin kilomita 10 ne. Tekun Galili da muke karantawa tun muna ajin Lahadi, tabki ne na ruwan daɗi, tsawonsa kilomita 21, faɗinsa 13, wato tsawon kimanin kwata ɗin hanyar Kaduna zuwa Zariya ne. Idan kana tsaye a Tibariya kana hangen duwatsun ɗaya hayin sarai. Wani ɗan'uwa a cikinmu ya ɗan ɓata rai, ya ce shi ya zaci ruwa ne mara iyaka. Amma da muka shiga jirgi ya sake magana.

Jiragen na katako ne, masu inji da rumfa, kowanne yana ɗaukar mota guda ta maziyarta, tafiyar kuma ba ta kai awa ɗaya ba. Da muka tashi, ma'aikatan jirgin suka ɗaga tutar Nijeriya suka sa taken ƙasa, mutanen da ba sa ga-maciji a kan siyasa a gida suka miƙe tare suna rerawa. A tsakiyar ruwa aka kashe inji. Faston tawagarmu ya karanta labarin hadirin nan a Markus sura 4, sai wurin ya yi tsit, ba ka jin kome sai ruwa yana bugun katako. Jagoranmu ya bayyana mana abin da ya sa hadiri yake faɗowa tabkin ba zato. Tabkin yana cikin kwari ne, sama da mita 200 ƙasa da bakin teku, duwatsu sun kewaye shi. Iska mai sanyi takan gangaro daga tuddai ta kwazazzabai ta tarar da iska mai zafi a kan ruwan, cikin ɗan lokaci ruwan da yake kwance ya tashi. A Ginosar kuma aka nuna mana wani jirgin masunta na zamanin Ubangijinmu, wanda waɗansu 'yan'uwa biyu suka gano cikin laka a 1986 sa'ad da fari ya janye ruwan. Tsawonsa mita 8 ne da 'yan kai, faɗinsa bai kai mita biyu da rabi ba. Ba wanda ya ce shi ne ainihin jirgin da Yesu ya shiga, amma irinsa ne. Mu da yawancinmu kwalekwalen Kogin Kaduna ne iyakar saninmu da ruwa, da muka tsaya a gabansa muka ƙiyasta mutum goma sha uku a ciki da dare, iska tana kaɗawa, mun daina ganin laifin almajirai da suka tsorata. Bayan an sauka aka kawo mana abin da suke kira kifin Bitrus. Karfasa ce, iyayenmu, irin wadda muka sani, sai dai ba yaji.

Tun da mun taɓo abinci, ku sani babu tuwo. Akwai burodi, shinkafa, kaza, ganye ɗanye iri-iri, da wani abu na wake da ake lakata. A otal ɗin Yahudawa ba a haɗa nama da madara a cin abinci ɗaya, kada ku yi faɗa da ma'aikaci don ya hana ku madarar shayi bayan kun ci nama. Daga faɗuwar rana ta Jumma'a zuwa faɗuwar rana ta Asabar kuwa Asabaci ne, shaguna da yawa a rufe, na'urar hawa bene takan tsaya a kowane hawa da kanta domin kada mai kiyaye ranar ya danna maɓalli. Ba lalacewa ta yi ba.

Akwai abin da muke so mu daɗe a kansa, domin ya shafe mu mutanen Tudun Wada fiye da sauran. Mu mun san zaman 'yan kaɗan. Bayan rikicin shekarar 2000 da na 2002 iyalai da yawa sun kwashe sun koma Sabon Tasha da Narayi da Television, kujerun majami'unmu suka rage mutane, mu da muka saura muka ci gaba da sayen kayan miya a wurin maƙwabtanmu Musulmi, muna gaisawa, muna zuwa wa juna suna da ta'aziyya. Da yawa a cikinmu sun tafi da tunanin cewa za su sauka a ƙasar Kirista. Ba haka ba ne. Kirista a Isra'ila kimanin kashi 2 cikin 100 ne, akasarinsu kuma Larabawa. Baitalami tana ƙarƙashin hukumar Falasɗinawa, sai an bi ta shingen bincike, a dandalin da yake gaban Majami'ar Haihuwa kuwa akwai masallaci, muna cikin layi muka ji kiran salla kamar muna gida. Hanyar da ake bi ana tunawa da ɗaukar gicciye ta ratsa kasuwa ce, masu shaguna suna kiran ciniki, masu kura suna neman hanya. Mabuɗin babbar Majami'ar Kabari a Urushalima ma a hannun iyalai biyu na Musulmi yake, ɗaya yana ajiyewa, ɗaya yana buɗe ƙofa, ɗaruruwan shekaru ke nan. Ɗariƙu shida ne suke raba majami'ar a tsakaninsu, har da Kibɗawan Masar da Habashawa, ba kullum suke jituwa ba, wannan kuwa ya ba mu kunya ƙwarai. Mun yi sujada da waɗansu masu bi Larabawa, muka ji suna kiran sunan Allah da kalmar da muke kiransa da ita. Da muka gaya wa wani dattijonsu inda muka fito da yadda muke zaune, sai ya riƙe hannunmu ya daɗe bai saki ba. 'Ya'yansa duka sun yi ƙaura zuwa ƙasashen waje, shi ya ƙi tashi. Idan kun je, ku sayi tsarabarku a wurin irin waɗannan, ku kuma kame bakinku daga gardamar siyasar ƙasar, gama direbanku yana iya zama Musulmi, jagoranku Bayahude, mai otal Kirista, kowa kuma da nasa ciwon.

Yanzu sai babban jirgin nan na cikin talla. Yakan tashi daga Piraeus, tashar jiragen ruwan Atina, ya yi kwana uku ko huɗu yana zaga tsibirai. Abin da yake jan masu bi shi ne Batmusa, inda Yohanna ya ga wahayi, da Afisa a ƙasar Turkiyya, wani lokaci da Karita. Jirgin kamar unguwa guda ne a kan ruwa, bene a kan bene, da ɗakunan cin abinci da shaguna. Amma ɗakin kwanan da kuɗinmu ya iya saya ƙarami ne, ba taga, in ka kashe fitila ba ka san dare ko rana ba. Kafin jirgi ya tashi za a koya wa kowa yadda ake sa rigar ceto da inda zai tsaya in an busa ƙaho. Kada ku raina wannan. An ƙara tsananta dokar ne bayan jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a 2012, mutum 32 suka mutu. Wanda mota take sa wa jiri ya nemi magani wurin likita tun a gida. Daren da iska ta taso mana, wanda ya fi kowa cika baki a cikinmu shi ya kwana rungume da bokiti, da safe kuma ya ce yanzu ya gane Ayyukan Manzanni sura 27, inda mutum 276 suka yi mako biyu iska tana wasa da su kafin su faɗa Malita.

Ku lura da katin da za a ba ku. Shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma kuɗi. Abinci yana cikin abin da kuka biya, amma lemon kwalba, hoto, intanet, wanki, da ladan ma'aikata da akan rubuta wa kowane fasinja kullum, sau da yawa daban ne. Ba ka ganin kuɗi yana fita, sai daren ƙarshe a turo maka takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Akwai gidan caca da mashaya da raye-raye a ciki, fasinjoji da yawa kuwa hutu suka zo, ba ibada ba, shigarsu a bakin wurin iyo ba irin tamu ba ce. Ba ku je gyara su ba, ku dai san inda ƙafarku za ta taka. Mu mun roƙi wani ɗan ɗaki muna addu'ar safe, suka ba mu ba musu. Kafin ku biya kuma, ku sa kamfani ya rubuta muku ko bizar da za a nema tana ba da izinin shiga Girka fiye da sau ɗaya, da abin da ake bukata don sauka a Turkiyya, domin jirgin yana fita ƙasa ɗaya ya shiga wata ya komo.

A kowace tasha awoyi kaɗan ake bayarwa. A Batmusa da ƙananan jirage aka kai mu gaɓa, muka hau zuwa kogon, muka yi addu'a a gurguje. A Afisa mun ga filin wasan nan mai ɗaukar mutum kusan 25,000 inda maƙeran azurfa suka ta da hargitsi saboda wa'azin Bulus. Birnin kango ne yanzu, tekun ma ya janye ya bar shi saboda laka da ta cike tashar. Idan aka ce kowa ya dawo ƙarfe biyar, to, ƙarfe biyar ɗin ne, kuma da agogon jirgi, ba na wayarka ba. Ba irin taron kwamitinmu ba ne da ake sa ƙarfe huɗu a fara shida. Mun ga mata da miji, ba 'yan ƙasarmu ba, suna gudu a kan gada da ledojin tsaraba an riga an janye tsani. Wanda jirgi ya bari, shi zai nemi hanyar cim masa a tasha ta gaba da kuɗinsa.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ta fi mana nauyi, dattawa kuma su yi mana haƙuri za mu faɗe ta ba kwana-kwana. Akwai masu shiga tawagar ibada da niyyar tserewa. A tawagarmu ta 2019 wani saurayi, ba daga majami'unmu ba, ya ci abincin dare tare da mu, da safe aka tarar da gadonsa a gyare, jakarsa ba ta nan. Motarmu ta yi awoyi a tsaye. Aka yi wa abokin ɗakinsa tambayoyi har ya yi kuka. Daga ranar aka riƙa ƙirga mu kamar awaki a kowace ƙofa, wurare biyu kuma ba mu samu zuwa ba. Dattijon da ya sa hannu ya tsaya masa a gida, mutum mai furfura da mutunci, shi aka riƙa kira ofis. Mun san halin da matasanmu suke ciki, mun san rashin aiki, ba mu raina wahalar kowa ba. Amma wanda ya tsere ya zama mara takarda a ƙasar da ba ya jin harshenta, ba ya iya zuwa asibiti da gaba gaɗi, ba ya iya kai ƙarar wanda ya cinye masa lada, in uwarsa ta rasu ba ya iya zuwa jana'iza. Ya kuma sa a ƙi ba waɗanda suke bayansa biza. Ikkilisiya mai mutum dubu tana iya shanye irin wannan abin kunya. Mu da ba mu da yawa, kowa a unguwa ya san fuskar kowa, maƙwabta kuma suna auna bangaskiyarmu da halinmu, mutum ɗaya ya isa ya ɓata sunan duka. Don haka muna roƙon iyayenmu fastoci da dattawa, kada ku sa hannu a takardar wanda ba ku san gidansa da sana'arsa da nufinsa ba, ko da ɗan wane ne. Ƙin sa hannu yau ya fi sauƙi a kan amsa kira gobe.

Sauran 'yan ƙananan abubuwa. Game da shiga ruwan Urdun, ɗariƙunmu ba su da koyarwa ɗaya a kan maimaita baftisma, kowa ya tambayi fastonsa tun kafin ya tashi, kada a je ana gardama a bakin kogi. A Tekun Gishiri kada ruwan ya taɓa ido, kada kuma a haɗiye shi. Ruwan Urdun da man zaitun da akan kawo tsaraba, a ba da su a matsayin tsaraba. Mun ji ana sayar da su da sunan magani, wannan kuwa ba mu goyi bayansa ba. Haruffan JP da akan ƙara a bayan suna ba laifi ba ne, mu ma an ba mu takardar shaida, amma ba su sa kowa ya wuce layi ranar Jibin Ubangiji ba.

Masu niyyar tafiya su ba sakataren majami'arsu sunayensu kafin ƙarshen wata, domin mu san ko za mu kai yawan da za a buɗe asusun tari na haɗin gwiwa, wanda dattawa uku za su riƙa sa wa hannu. Za mu zauna da su Asabar ta biyu ga wata mai zuwa, kowa ya zo da fasfonsa in yana da shi, da duk wata takardar talla da aka ba shi. Muna da hotuna a nan gaba ga mai son gani. Yanzu sai mu roƙi babanmu shugaban dattawa ya rufe mana da addu'a.